Wadda Ta Fara Gaishe Da Yaya

Tun kafin Auta ta gama jera kwalayen maganin tari a kan teburin kanti, wayarta ta fara motsi a aljihun farar rigar aiki. Saƙonni ne, ɗaya na bin ɗaya kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta saci kallon mai kantin, wanda duk unguwar ke ce wa Likita ko da yake ya gaji da faɗar cewa shi haɗa magani kawai ya karanta. Ya duƙufa da wata tsohuwa da ke neman "irin na wancan karon, mai jan kwali". Sai Auta ta zaro wayar ta laɓe da ita bayan kwalaye.

Daga zaure ne. Zauren hira ne na waya, inda mutane masu ɗimbin yawa, galibinsu ba su taɓa ganin idon juna ba, suke koyon harkar kuɗin kirifto: direbobi, malaman makaranta, masu ɗinki, har da wani ɗan fansho da ba ya gajiya da tambaya. Auta na cikin masu kula da shi. Ba a biyanta komai. Ita ce mai goge tallan banza, ita ce mai amsa tambayar da aka riga aka amsa jiya da shekaranjiya, kuma ita ta rubuta dokar da ke maƙale a saman zauren, wai mai kula da zaure ba ya fara tura wa kowa saƙo ta bayan fage, kuma kalmomin sirrin asusunka naka ne kai kaɗai, domin duk wanda ya same su ya sami abin da ke ciki. A can sunanta Mai Gadi, hotonta kuwa wata mage ce sanye da tabarau.

Yau magen ta zama biyu. Wani direba ya ɗauko hoton hirar da aka yi da shi ya saka a zaure. Ga magen, ga tabarau, ga sunan Mai Gadi, sai ɗan ɗigo ƙarami da aka ƙara a ƙarshen sunan, wanda sai mai neman rigima zai lura da shi. Saƙon kuwa cike da ladabi: an ga matsala a asusunka, za a rufe shi, turo kalmomin sirri a gyara maka. A ƙarƙashin hoton direban ya rubuta, "Mai Gadi, ke ce ko tagwayenki?" Wata mai ɗinki ta ce ita ma an turo mata. Ɗan fanshon ya ce shi ba a turo masa ba, ko an raina shi ne?

Auta ta rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe ta maƙala a sama, ta roƙi kowa ya toshe mai ɗigon ya kai ƙararsa. Ta goge, ta sake rubutawa, don na farkon ya yi kama da faɗa. Ta mayar da wayar aljihu tana cewa a ranta, ai shi ke nan, wanda ya karanta ya tsira.

Ba ta kai ga ɗaukar kwali na gaba ba kira ya shigo. Matar Yaya ce. Auta ta tsaya tana kallon sunan, domin rabon da a kira ta daga gidan nan an kwana biyu sosai.

Abin da ya faru kuwa shi ne, Yaya, babban wansu, mai walda ne, kuma Auta ce da kanta ta buɗe masa asusun kirifto ta shigar da shi zauren. A nan yake tara gumin goshinsa kaɗan-kaɗan, da niyyar wata rana ya sayi babban injin walda nasa na kansa ya huta da aron na maƙwabta. Sai wata rana wani abokinsa ya cika masa kunne da labarin wani sabon kuɗi da za a saya yau a wayi gari ya ninka, Yaya ya ɗauko tallan ya zuba a zaure da zuciya ɗaya. Auta ta goge. Ba ta tsaya nan ba, ta rubuta a gaban kowa cewa wannan tarko ne, duk wanda ya sake kawo irinsa za a rufe masa baki na ɗan lokaci, ko waye shi. Daidai ta yi, kuma ta san daidai ta yi. Yaya kuwa abin da ya gani shi ne yarinyar da ya goya a bayansa ta tsawata masa a bainar jama'a. Bai fita daga zauren ba, sunansa na nan, amma ya daina leƙawa, ya kuma toshe lambarta.

A gidansu, tun mahaifinsu na da rai, in an yi faɗa ƙarami ne ke fara gaisuwa, ko da shi aka cuta. Babba ba ya ba da haƙuri. Nasa kawai ya amsa gaisuwar da sakin fuska, shi ke nan an shirya, ba a sake tono zancen. Auta ta san Yaya jira yake. Ita kuma kullum sai ta ce gobe.

"Ƙanwata ta kaina," in ji matar Yaya, muryarta fal da murna. "Allah ya yi miki albarka. Na so in kira ki tuntuni, yara ne ba sa barin mutum ya ji da kansa."

"Amin, Anti. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, ai ke kika kawo mana lafiyar. Kwana biyun nan yayanki har waƙa yake a banɗaki. Na ce masa dama haka kake da murya ka bar mu muna sauraron rediyo?"

Auta ta dafa kanta da hannu ɗaya. "Anti, me na yi?"

"Kai, ji yarinya da kunya. Ba ke kika gaishe shi ba? Ya ce kin neme shi ta zauren naku, kin ce ya yi haƙuri. Kullum yana tura miki magana kina amsawa. Ɗazu ma ya dawo daga shago a gurguje ya ɗauki wannan ƙarfen da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado, ya ce ke kika ce ya nuna miki don ki gyara masa asusu kafin a rufe."

Ƙarfen. Auta ta san shi. Ranar da ta buɗe masa asusun ta ce ya rubuta kalmomin sirrin a takarda ya adana, Yaya ya yi dariya ya ce takarda ta ɓera ce da ruwa, shi mai ƙarfe ne. Ya sami wani falle mai faɗin tafin hannu ya buga kalmomin a kai da guduma, harafi-harafi.

"Anti, ba ni ba ce."

"Ba ke ba ce me?"

"Ban yi magana da Yaya ba. Ɓarawo ne ya ɗauki hotona da sunana. In ya ga abin da ke kan ƙarfen nan, zai kwashe duk abin da Yaya ya tara. Don Allah ki kira shi yanzu, ki ce kada ya tura komai. Ni ya toshe ni."

Kukan jariri ya taso daga nesa. "To wa yake yi wa waƙar?" in ji matar Yaya a hankali, kamar da kanta take. Sannan ta katse.

Auta ta gwada lambar Yaya duk da ta san abin da za ta ji. Ta nemo sunansa ta cikin zaure ta tura masa saƙo, saƙon ya tsaya bai shiga ba. Matar Yaya ta sake kira ta ce wayar na ta ringin ba ya ɗauka, ai in injin yankan ƙarfe na aiki ko aradu ba ya ji, kuma wani lokacin ko ya ga ita ce sai ya ce cefane za ta tambaya.

"Likita, ina son in fita," in ji Auta.

Ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau. "Yanzu? Ga layi har ƙofa."

"Yayana ne."

"Hatsari ya yi?"

"Bai yi ba tukuna."

Likita ya buɗe baki zai tambayi ma'anar wannan amsa, sai ya ga fuskarta. Yarinyar da ko fita cin abinci sai ya kore ta take tafiya. Ya kaɗa mata hannu. "Je ki. Amma ki ajiye min maganin tarin da kika rungume, ba sadaka ba ne."

Ta ajiye ta fita da farar rigar a jikinta. Tasi ta farko cike take, ta biyu ba can ta nufa ba, ta uku ta tsaya da mutum biyu a baya. Direban ya kalli rigar ta madubi ya ce, "Malamar asibiti, tunda Allah ya kawo ki, akwai wani ciwo da ke kama ni a nan gefen." Ta ce ya je a auna shi. Ya ce ai duk haka kuke cewa.

Hanya ta cushe a daidai mahaɗa, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, kowa na danna hon kamar hon ɗin ne zai tura ta. Auta ta sauke gilashi, ta ɗaga, ta sake saukewa. Ta buɗe wayar ta rufe. Tunaninta ya ƙi zama wuri ɗaya. Ta hango yadda abin ya faro, domin ta san Yaya kamar yunwar cikinta. Ɓarawon bai san shi ba, saƙo iri ɗaya ya watsa wa kowa. Amma Yaya da ya ga magen nan mai tabarau ta ce masa sannu, ba matsalar asusu ya gani ba, gaisuwar da yake jira ya gani. Zai ce, sai yau kika tuna kina da yaya? Shi ke nan ya miƙa wa ɓarawo makullin gida da hannunsa. Saura kawai a ce masa, Yaya ka yi haƙuri.

Ita da ta rubuta doka cewa mai kula da zaure ba ya fara magana, ta manta akwai mutum ɗaya a cikin zauren nan da ba abin da yake jira sai ta fara magana.

Ta shiga zauren, inda ba ta taɓa kawo zancen gida ba, ta rubuta: "Yaya, in kana gani, don Allah kada ka tura komai. Ba ni ba ce. Ina hanya." Nan take amsoshi suka fara zuba. Direban nan na cikin zauren ya ce, "Wane yayan? Ai duk mu yayyenki ne." Ɗan fanshon ya ce shi dai bai tura komai ba, amma ya gode da kulawa. Mai ɗinkin ce kawai ta rubuta, "Allah ya sa ki riske shi."

Da ta ga motar ba ta da niyyar motsi, Auta ta biya direban ta sauka. Ya bi ta da cewa, "To gefen nawa fa?" Ta ratsa tsakanin motoci, ta bi ta layin masu sayar da taya, ta tsallake kwata, takalminta ɗaya ya kusa zama a cikin taɓo. Ba ta saba gudu ba. Tana gudun tana jin kunyar gudun, tana kuma jin haushin kanta da ta sami sararin jin kunya.

Shagon Yaya rumfa ce ta kwano a ƙarshen layi, ƙyamare da tagogi jingine a jikin bango suna jiran masu su, ƙasa baƙa ƙirin da burbushin ƙarfe. Maƙwabcinsa mai fenti na tsugune yana dama kala a gwangwani. Da ya gan ta ya miƙe yana dariya.

"Mai walda, fito ga ƙanwar da ka ishe mu da labarinta. Kullum Auta ta ce, Auta ta ce. Na ce to mu da ba mu da ƙanne mu shiga rijiya?"

Yaya na can ciki, zaune a kan benci, baƙin tabarau ɗage a goshi. A gabansa fallen ƙarfen ne, ya goga masa alli don haruffan su fito fari, wayar kuma na hannunsa yana nisanta ta yana matso da ita. Da ya ɗago ya gan ta, fuskarsa ta saki gaba ɗaya, irin sakin da ta daɗe ba ta gani ba. Abin ya soke ta fiye da a ce ya ɗaure.

"Ke da kika ce aiki ya riƙe ki? Kin ga gara da kika zo, wannan hoton ya ƙi fita. Zauna, zauna. Kin rame."

"Yaya, ajiye wayar."

"Ki bari in gama, ke kika ce kafin azahar za su rufe."

"Ba ni na ce ba." Numfashinta na sarƙewa. "Wanda kake magana da shi ba ni ba ce. Ban turo maka komai ba. Ɓarawo ne."

Yaya ya dube ta, ya dubi wayar, ya yi wata 'yar dariya. "Wasa kike ko? Ga magenki nan."

"Kowa na iya ɗaukar hoton mage. Ka duba sunan, akwai ɗigo a ƙarshe."

Bai duba ba. Sakin fuskar nan ya fara janyewa sannu a hankali. "Wato kin zo ne ki sake koya min karatu. A gaban mai fenti kuma yau."

"Ni ban ji komai ba," in ji mai fenti daga waje, ya ci gaba da damunsa da ƙarfi.

"Ta taɓa turo maka murya?" in ji Auta. "Ka taɓa jin muryarta?"

"Ta ce tana wurin aiki, Likita ba ya son surutu."

"Wa ya fara ambatar Likita, kai ko ita?"

Ta ga yana neman amsar a ransa, kuma amsar da ya samu ba ta yi masa daɗi ba. Amma taurin kai gadonsu ne su biyun. "Ta san abubuwan da bare ba zai sani ba," in ji shi. "Kuma ta fi ki ladabi, in dai gaskiya kike so."

Auta ta ciro wayarta ta ɗora a kan bencin kusa da ƙarfen, ta ɗaga hannuwanta biyu. "Ga wayata, ga hannuna. Tura mata magana ka ce ta yi sauri ta amsa."

Ya ɗan jima yana kallonta. Sannan ya danna wayar ya kai bakinsa. "Auta, kina nan?" Muryarsa ta fito a daƙile.

Suka jira. Wani ya wuce da baro yana ƙara. Wayar Auta na kwance a kan benci baƙa wuluk. Sai ta Yaya ta yi motsi. Ya miƙo mata ba tare da ya duba ba, ita ta karanta a fili: "Ina nan Yayana. Wancan hoton bai fita ba, ka ƙara haske ka sake turowa, lokaci na tafiya."

Ta sake karanta farkon a ranta. "Wane hoton? Yaya, ka riga ka tura?"

"Ɗaya. Tun kafin in sa alli."

Ta ja hirar sama. Saƙonnin murya ne jere, dogaye, duk daga Yaya, a tsakaninsu 'yan gajerun amsoshi a rubuce da aka ƙara wa girma har suka cika allo. Ya yi wuf zai karɓe wayar, ta ce ba saurara za ta yi ba. Ta sami hoton. Dishi-dishi ne, hasken rana ya daki ƙarfen ya cinye rabin haruffan, amma ta iya karanta kalma ta farko da ta biyu, da wata a ƙasa. Abin da ta iya, wani ma zai iya, kuma shi ba shi da aikin da ya wuce wannan.

"Wannan asusun ya mutu," in ji ta. "Yana can yana ƙoƙarin haɗa kalmomin. Dole mu buɗe sabo mu kwashe komai mu mayar can, yanzu, kafin ya gama."

Ya zauna kamar wanda aka zare wa laka, manyan hannuwansa a kan gwiwa.

Ta buɗe manhajar asusun, ta ga abin da ya tara na nan ba a taɓa ba tukuna, ta sauke numfashi rabi. Ta danna wurin buɗe sabo. Ta yago gefen kwalin sandunan walda, ta zaro biro daga aljihun rigarta ta danƙa masa. "Sabbin kalmomi za su fito. Ka kwafe su daidai, a jere. Ni zan juya baya, ko ni bai kamata in gani ba."

Ta miƙa masa wayar ta juya tana fuskantar bango, inda wani ƙyaure mai zanen fure ke jingine. Ta ƙura wa furen ido. Ƙafarta na bubbuga ƙasa ba da izininta ba. Ta kasa kunne ta ji ƙarar biro a kan kwali, ba ta ji ba.

"Yaya, ka fara?"

Har yanzu biron bai motsa ba.

"Yaya, don Allah, ba mu da lokaci."

"Auta." Ya yi gyaran murya. "Ba na gani."

Ta juyo. Yana riƙe da wayar dab da hancinsa, idanunsa jajur suna ruwa.

"Manyan rubutu ina lallaɓawa," in ji shi, yana magana da bencin. "Waɗannan ƙananan narkewa suke. Idon hagun kamar an shafa masa mai. An daɗe ana haka. Ko matata ban faɗa wa ba." Ya ajiye biron. "Ita wannan ta cikin wayar na faɗa wa. Ta ce kada in damu, za ta kai ni wurin likitan ido."

Auta ta ja wani gwangwani ta kifa ta zauna kusa da shi, ta karɓi wayar da biron. Ta kwafe kalmomin da hannunta, manya-manya yadda zai iya gani, tana duba kowace sau biyu. Manhajar ta nemi ta tabbatar da wasu daga ciki, ta tabbatar. Ta kwafi adireshin sabon asusun, ta koma tsohon, ta zaɓi a tura duka. A daidai nan saƙo ya faɗo ta sama: "Yaya ka yi shiru, ko ka yi fushi da ni ne?" Ta ture shi gefe da yatsa.

"Sa yatsanka a nan," in ji ta.

Ya sa. Wayar ta ƙi karɓa, yatsan duk baƙin mai ne, ga kuma kantar aiki. Ya goge a wando ya sake sawa. Ta ƙi. Ya tofa yawu ya murza da gefen riga, ya sa a hankali kamar mai taɓa jariri. Ta karɓa.

Wata 'yar da'ira ta fara juyawa a tsakiyar allo. Sabis a rumfar kwano sai a hankali. Auta ta miƙe ta fita bakin titi da wayar a sama, Yaya na biye da ita, mai fenti ya bar damunsa ya bi bayansu da sandar a hannu tana ɗiga.

"Me ake nema a sama?" in ji shi.

"Yi mana shiru," in ji Yaya.

Da'irar na juyawa. Auta ta matsa gaba, ta dawo baya, ta hau kan wani bulo. Ta tuna cewa a wani ɗaki da ba za ta taɓa gani ba, wani na zaune da hoton ƙarfen nan ya buɗe shi ya cika allo, yana gwada kalma yana cirewa. Ba ta san ko shi ma da'irarsa na juyawa ba.

Da'irar ta tsaya. Auta ta buɗe sabon asusun, babu komai. Ta ja allon ƙasa ya sabunta, babu komai. Ta sake ja. Sai ga shi ya bayyana, duka, ban da ɗan abin da aka cire na turawa.

Ta sauko daga kan bulon, ta zauna a kansa.

"Ya shiga?" in ji Yaya.

"Ya shiga."

Ya gyaɗa kai. Bai yi murna yadda ta zata ba. Ya koma cikin rumfar, ya ɗauki fallen ƙarfen ya juya shi a hannu, ya jefa cikin tarin gutsattsari. Mai fenti ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ga ba wurin wasa, ya koma kan gwangwaninsa.

Da ta shigo ta mayar masa da wayarsa, Yaya ya ninke ɗan kwalin ya cusa a aljihun ƙirji. "Yanzu ke ma kin san kalmomin."

"Na sani. In idonka ya warke sai ka buɗe wani, ka ɓoye min."

"In ya warke." Ya murza idon da bayan hannu, ta buge hannun kamar yadda take yi wa yara a kanti. Ya dube ta da mamaki.

Wayar ta sake motsi. Ya miƙo mata. "Me take cewa?"

"Ba ita ba ce, Yaya, shi ne, ko su ne. Cewa yake ya ji shiru, yana cikin damuwa."

"Toshe shi."

Ta kai ƙarar asusun, ta toshe. Ta tambaye shi ko ta goge hirar. Ya tsaya yana kallon jerin saƙonnin muryarsa da ba ya iya gani sosai.

"Abin da ke ba ni haushi," in ji shi, "na zauna na zuba wa ƙato cikina. Har zancen Baba na yi masa. Har na ce masa na san gaskiyarki ce a kan tallan nan." Ya ja tsaki. "Goge."

Ta goge. Sannan ta nemo lambarta a cikin wayar ta cire ta daga toshewa, yana kallo bai hana ba.

"Akwai asibitin ido kusa da kantinmu," in ji ta. "Likita ya san wata a can. Gobe da safe zan zo mu tafi."

"Gobe ina da ƙyauren mutane."

"Ƙyauren ba zai gudu ba. Kuma yau za ka faɗa wa Anti."

"Wannan kuma ki bar min."

"Ba zan bar maka ba. Tana can riƙe da waya tun ɗazu, hankalinta a tashe."

Kamar an kira ta, wayar Yaya ta hau ringin a hannun Auta. Ta duba ta miƙa masa. Ya kalli wayar, ya kalli ƙofa, kamar mai auna ko zai iya tserewa.

"Ki fara yi mata bayanin ɓarawon," in ji shi. "Na idon ni zan faɗa."

Auta ta ɗauka ta kai kunne. A kan benci tata wayar na ta motsi, zaure bai huta ba, kuma ba ta san mutum nawa magen nan mai ɗigo ta gaisar a kwanakin nan ba.

"Anti," in ji ta, "na same shi. Ga shi nan kusa da ni, kada ki kashe, yana da magana."